Masu Ƙirga Sallar Balaraba

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Ɗantsoho dillalin albasa, kuma katangar ba ta da wani tsawo, ko tari aka yi a can sai na ji. Saboda haka abin da zan faɗa ba a majalisa na tsinto shi ba. Wani da kunnena na ji, wani da idona na gani, domin ni ce A'isha mai koyar da Hausa a sakandaren da Balaraba take, nan cikin Aliero. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Balaraba 'yar ƙanen Ɗantsoho ce, shi yake riƙonta tun rasuwar mahaifinta. Saura shekara guda ta gama sakandare. Yarinya ce mai sanyi, in ta gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Ran da babu makaranta tana gonar Bappanta a fadamar Jiga Makera, ana dashe da ita, ana ban-ruwa da ita, in an tashi ita ke shiga tabki ta wanke kayan gida.

Matar Ɗantsoho, Kubura, mace ce mai ido. Ta san tukunyar da aka taɓa, ta san wanda ya tsaya a ƙofar gida da wanda ya wuce yana waige. Ta kuma san ranar da Balaraba ke ɗaukar buta ta yi alwala da ranar da ba ta ɗauka. Haka ake yi a gidajenmu, ba a tambayar budurwa al'adarta, sallarta ake kallo.

To, sallar Balaraba ta rikice. Sai ta ajiye, ta yi wanka ta fara, jibi ta sake ajiyewa. Jini take gani ba a lokacinsa ba, ita kuma ba ta san ko na haila ba ne ko na mene ne. Ta fara ramewa, tana tafiya tana dafe mara. Kubura ba ta ce mata sannu ba, ba ta ce me ke damunki ba. Ta zuba ido kawai, tana ƙirgawa a zuci.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina tsince shinkafa na jiyo muryar Kubura.

"Ke Balaraba! Taho nan. Minene wanga nit tsinta ƙarƙashin tabarmarki?"

"Littahin makaranta na, Inna."

"Littahin makaranta anka naɗe da tsohuwar kalanda awa ƙunshin magani? Wa kika ɓoye ma?"

"Malama Gudiya tac ce duk wanda ya ari littahi shi naɗe shi, kada bangon shi yi dauɗa."

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Doka ce ta laburarenmu, har ni in na ara sai na naɗe. Amma Kubura ta riga ta yage kalandar, ta buɗe daidai inda aka sa tsinke. Littafin kiwon lafiya ne na Turanci, a shafin an zana cikin mace, ga mahaifa ga mafitsara, da 'yan kibiyoyi suna nuna sunan kowane abu. Kubura ba ta yi boko ba, amma a ganinta hoton ya gama yi mata bayani. Ta yi salati har sai da kajina suka watse.

"Ashe! Ashe wanga na yas sa sallarki tar ruɗe. Na ga tsummokaran da kika turbuɗe bayan ɗaki, na yi shiru. Ciki kinka yi, littahi ya koya miki yadda aka zubarwa!"

Kukan Balaraba kawai na ji, irin mai ƙaramin sauti.

Ɗantsoho ya dawo daga kasuwar albasa kafin magariba. Bai dake ta ba, da ma dukanta ya yi da ya fi sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Hwaɗa man sunanshi."

"Sunan wa, Bappa?"

"Kin san shi."

Ta yaya yarinya irin Balaraba za ta dubi wan mahaifinta ta ce masa in ta je fitsari tana ganin jini? Kalmar ma ba za ta fito daga bakinta ba a gabansa. Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

Wani in abin kunya ya same shi gida yake rufewa. Ɗantsoho kuwa neman wanda zai ɗora wa laifi ya fita, don kada a ce riƙonsa ne bai yi kyau ba. Washegari da hantsi littafin yana rumfar dillalai, yana yawo hannu zuwa hannu. Bayan azahar yana ƙofar masallaci. Duk inda ya tsaya sai ya ɗaga shi sama ya ce, ku ga abin da ake ba 'ya'yanmu a makaranta, tawa ta riga ta lalace, kowa ya binciki tasa. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya matsa masa. Kafin Juma'a babu gidan da ba a ɗaga tabarmar budurwa ba a unguwarmu.

Ran Litinin kwamitin iyaye suka cika ofishin shugaban makaranta, Malam Kamaluddeen. Shi mutum ne da ba ya son hayaniya, ko akuya ce ta shigo masa ofis lallashinta zai yi ta fita. Aka kira mu malamai, aka kira Malama Gudiya mai kula da laburare.

Gudiya gajeruwar mace ce mai faɗa da cikawa. Laburaren ɗaki ɗaya ne, kuma rabin littattafan da ke ciki ita ta roƙo su, wasu daga tsofaffin ɗalibai, wasu daga malaman jami'a da suka tashi. Lokacin tara, 'yan mata can suke taruwa, wanda duk ke da tambayar da ba ta tambayuwa a aji wurinta yake kaiwa.

Ɗantsoho ya jefa littafin kan tebur. "Ke kinka ba ɗiyata wanga?"

"Ni nib ba ta, Alhaji."

"Don mi?"

"Don ta zo man da damuwa. Ba ta da lahiya. Na nuna mata abin da nika zato, na ce ta hwaɗi gida a kai ta assibiti. Tac ce tana jin nauyi."

"Wace damuwa?" in ji Barau mahauci, wanda kullum hannunsa ke cikin tumbin saniya amma ya fi kowa kau da kai daga hoton.

Gudiya ta dubi mazan da suka cika ɗakin, ta dubi taga inda ɗalibai suka yi cirko-cirko suna leƙe. "Ba ni hwaɗin ciwon ɗiya mace gaban taro. Alhaji shi ba ni dama in tai gidanshi in yi magana da maiɗakinshi. Amma ina roƙonku don Allah, a kai yarinyar ga likita shi duba ta. Ba abin da kuka zato ba na."

Suka dubi juna. Barau ya gyaɗa kai a hankali, ya juya ga sauran.

"Kun ji ko? Ashe ta san komi. Da ita anka ƙulla."

Daga nan ba wanda ya ƙara sauraronta. Suka ɗunguma zuwa laburare, aka kawo buhunan albasa, jajayen nan masu raga. Ba karantawa suke ba, hoto suke nema. Kowa ya ɗauki littafi ya karkaɗa shafukansa da ɗan yatsa, in ya ga jikin mutum sai buhu. Littattafan kimiyyar halittu suka tafi, na kiwon lafiya suka tafi, littattafan hikaya duk wanda aka zana mace da namiji a bangonsa ya tafi. Har wani na kiwon dabbobi bai tsira ba. Gudiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa.

"Ranka shi daɗe," ta ce da Malam Kamaluddeen, "waɗanga littattahai su ɗiyan ga za su rubuta jarrabawa da su. Cikin manhaja suke. In an kwashe, da mi za su karatu?"

"Malama, a bi a hankali. Zaman lahiya muka nema. In ƙura ta lafa sai a duba."

"Ita Balaraba hwa? Ita ma sai ƙura ta lafa?"

"Wannan maganar gida ta, ba ta makaranta ba."

Aka kulle buhunan a sito tare da karyayyun kujeru, makullin kuma aka ba Barau.

Balaraba ba ta sake zuwa makaranta ba. An hana ta ko leƙa zaure. Ƙawayenta biyu sun zo dubiya, Kubura ta tare su a ƙofa ta ce ba ta nan, alhali ina hango ƙafafunta ta ƙarƙashin labule. Iyayensu ma da suka ji sun je, sai da suka ci faɗa.

Gari kuwa ya shiga neman mai cikin. Aka ce ɗan kabu-kabun da ya taɓa ɗauko ta a babur ranar ruwa ne. Aka ce a'a, malamin lissafi ne, an ga yana yi mata murmushi. Bawan Allah nan sai da ya daina tsayawa magana da ɗalibai mata ko a cikin aji. Ni ma ban tsira ba, in na wuce sai in ji an yi shiru, ai malamar makarantar ce, katangarsu ɗaya, ba mamaki ta sani. A makaranta yara suka daina shiga laburare. Wanda ya shiga sai an kai labari gidansu.

Ta kan katanga nake ganinta in ta fito shanya. Kullum sai na ga ta ragu. Wuyanta ya yi tsawo, leɓɓanta suka yi fari, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka. Kubura ta sa aka kawo mata saiwoyi daga wurin wata tsohuwa, ana jiƙawa da jar kanwa, wai don a wanke sauran abin da ya rage a ciki. Safe da yamma sai ta shanye kwanon sha guda. In ta sha ta yi ta zawo, ta dawo tana bin bango. Duk da haka ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya.

Ran nan na kasa haƙuri na leƙa na ce da Kubura, "Maman Sirajo, yarinyar ga hwa tana ƙarewa. A kai ta assibiti mana."

"Assibiti? Malama A'i, ke ma da hankalinki. Can da ɗiyan unguwa ka aiki? Mu kai ta a rubuta a takarda, gobe duniya ta ji?"

"Ai duniya ta riga ta ji, Alhaji da kanshi yab ba da labari."

"Shi makaranta yat tona ma asiri, ba ɗiyatai ba."

Na tare Ɗantsoho a ƙofar gida na durƙusa na gaishe shi, na yi masa maganar. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce amanar ƙanensa ce, ba wanda ya kai shi sonta, abinci ba a hana ta ba, magani ana ba ta, ramar kuwa nadama ce ke cin ta, kuma nadama alheri ce ga mai laifi. Ya ce in gaida maigidana.

Ran Asabar Gudiya ta zo gidana ta ce in raka ta. Muka shiga da sallama. Kubura ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida can nesa da ɗakin Balaraba, ta zauna ta ba ɗakin baya, ko ruwa ba ta kawo ba.

Gudiya ba ta yi kwana-kwana ba. "Hajiya, yanzu mu mata na, ba namiji. Abin da Balaraba tag gaya man shi na, in ta yi hitsari tana ganin jini ga ƙarshe, mararta na ciwo. Na tambaye ta ko tana shiga ruwan tabki, tac ce kullum in an tai gona. Ni ba likita ba ta, amma alamun tsargiya na. Shafin da kinka gani, bayanin tsargiya na a jikin mace."

Kubura ta kwashe da dariya har da tafa hannu.

"Tsargiya! Malama, ki nemo wata dabara. Tsargiya ta maza ta. Ko bara Sirajo nawa ya yi ta, babanshi yac ce girma na ya zo, anka sawo mai ƙwayoyi kemis yas sha yaw warke. Duk ɗa namijin da ka zuwa fadama sai ya yi ta. Ke tun da uwarki ta haihe ki, ina kinka taɓa jin mace da tsargiya?"

"Ruwan da Sirajo yas shiga, shi ita ma taka shiga."

"Shi namiji na."

"Tsutsar ba ta tambaya, Hajiya."

"To ni ina tambaya. In ciwon Allah da Annabi na, mi yah hana ta hwaɗa man? Mi yas sa sai ke, bare? Mi yas sa anka naɗe littahi? Mi yas sa kinka damu haka, ɗiyarki ta? Ko akwai abin da kika tsoron shi hito?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba ƙarya Kubura take shiryawa ba. Har zuciyarta ta yarda da abin da take faɗa. A wurinta jinin namiji ciwo ne, jinin mace kuwa in ba na wata ba ne to na laifi ne, kuma haka ta taras ana cewa.

Da za mu fita labule ya motsa. Balaraba ta leƙo da rabin fuska, muryarta da kyar take fita. "Malama, an yi gwajin kimiyya?"

"An yi. Na ce a aje miki naki."

"Koma ciki!" in ji Kubura.

Ran Litinin Malam Kamaluddeen ya kira Gudiya ya ce Alhaji ya kawo ƙara, ta shiga gidansa tana zuga iyalinsa. Ya ce in ta sake, shi ba zai iya kare ta ba, ƙila a tura ta wata makaranta can cikin daji. Ta ce ta ji. Asabar ta gaba ta hau mota zuwa Maiyama, daga can ta hau kabu-kabu zuwa Kuberi, inda mahaifiyar Balaraba ke aure. Da ta dawo ta ba ni labari tana huci. Uwar ta saurare ta tas, hawaye na zuba, amma Balaraba 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta je gidan dangin tsohon miji ta yi magana a kanta. Abin da ta iya kawai, ta aika aka kira yayanta Mamuda, kawun Balaraba, ta ce da Gudiya ta maimaita masa.

Mamuda manomi ne, dogo, marar yawan magana. Ya iso Aliero ran Talata da hantsi, ni kuma ranar ba ni da darasin safe. Yana zaure suna gaisawa da Ɗantsoho, ana ta ina gajiya ina iyali, kowa na auna kowa, sai muka ji guga ya faɗa rijiya da igiyarsa, sannan wani abu ya faɗi tim. Na leƙa ta katanga. Balaraba ce kwance a bakin rijiya, idanunta sun juye.

Mamuda bai nemi izini ba, ya shiga ya ɗauke ta kamar ɗaurin kara. Ko a nan sai da Ɗantsoho ya kafa sharaɗi, ba asibitin Aliero ba, sai dai Jega, inda ba a san shi sosai ba. Aka samo mota. Na kira Gudiya a waya, ta rufe laburare ta same mu a bakin titi. Ɗantsoho ya gan ta ya ɗaure fuska, amma Mamuda ya matsa mata wuri.

A wani asibiti a Jega aka karɓe ta. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, wata likita mace ta shiga da ita ciki. Muna zaune a baranda, Kubura sai kallon mutane take ko akwai ɗan Aliero. Ɗantsoho ya ja hula ya rufe goshi.

Bayan azahar likitar ta kira mu gaba ɗaya, ta yi magana da Hausa sarai. Ta ce tsargiya ce, ta daɗe a jikinta har ta taɓa mafitsara da wajen mahaifa. Ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma jiƙon da ake ba ta ya ƙara kwashe mata ƙarfi, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Kubura ta yi caraf ta tambayi maganar cikin. Likitar ta dube ta ta saman tabarau.

"Wane ciki? Yarinyar nan ba ta taɓa yin ciki ba, ba ta ma san namiji ba. Mata da yawa na zuwa mana da wannan, duk masu shiga tabki. Maganin ƙwayoyi ne 'yan kaɗan."

Mamuda ya naɗe hannun riga ya bi ma'aikaciyar jinya aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. Kubura ta zauna a ƙasa tana cewa ikon Allah, ikon Allah, wai ita tun farko jikinta ya ba ta akwai wani abu.

Ni dai na ɗauka an gama. Na ɗauka gobe Ɗantsoho zai koma rumfar dillalai da ƙofar masallaci ya wanke yarinyar da ya shafa wa kashin kaji. Gudiya ta fi ni sanin mutane, ba ta jira gobe ba, ta same shi a ƙarshen baranda.

"Alhaji, Allah ya wanke ta. Saura kai. Inda kat tsaya kac ce ta lalace, nan za ka tsayawa ka ce ciwo na. In ba kai kah hwaɗi ba, ba mai yarda. In ni nic ce, za a ce kaina nika karewa."

Ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa.

"Malama, ke mace ta, ba ki san zaman kasuwa ba. Ni dillali na. Abin da nika ci da shi, in na ce buhun ga lahiya lau shike, a yarda ba a kwance ba. In koma gaban mutanen ga in ce ban bincika ba nit tara su, nis sa anka kwashe littattahan makaranta? Wa ka ƙara yarda da maganata?"

"Ita hwa, wa ka ƙara yarda da ita?"

"Yarinya ta. Ana mantawa."

"Ba a mantawa, Alhaji, kai ma ka sani."

"Mamuda shi tai da ita Kuberi ta huta wurin uwarta. In an kwana biyu magana ta mutu."

"In ta tai Kuberi yanzu, cewa za a yi an kai ta ƙauye ɓoyo. Kuma jarrabawarta?"

Ya kakkaɓe rigarsa ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita, muka bi shi. Balaraba ta farfaɗo, robar jini na rataye a gefenta. Ta ga Bappanta, ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe shi, Mamuda ya dafa ta. Tun da nake da yarinyar nan ban taɓa jin ta fara yi wa Bappanta magana ba sai ranar.

"Bappa, ka ji abin da likita tac ce?"

"Na ji."

"Ka yarda ban yi komi ba?"

"Na yarda, Balaraba. Ni na yarda."

Fuskarta ta saki, har ta fara murmushi. "To yaushe za ni koma makaranta?"

Ya zauna a bakin gadon, ya rage murya, irin muryar da yake lallashin mai kaya da ita. "Ɗiyata, ni na riƙe ki tun kina ƙarama, ban taɓa roƙonki komi ba. Yau ina roƙonki. Ki bi kawunki Kuberi. Duk wanda yat tambaye ki, ki ce ki dai kin yi jinya. Ki ruhwa man asiri."

Gudiya ta buɗe baki, Mamuda ma ya motsa. Amma ita yake kallo, ita kuma an rene ta a kan cewa babba ba ya roƙo a hana shi. Ta dubi Malama Gudiya, ta dubi silin, hawaye suka gangara mata ta gefen kunne.

"To, Bappa."

Da aka sallame ta, daga Jega motar Maiyama suka hau, ko kayanta ba ta dawo ɗauka ba. Mamuda ya ce da mu shi ba zai mayar da ita gidan da aka kusa kashe ta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai a Kuberi babu wanda ya yi maganar makaranta, damina ta kusa, ana neman hannu.

Gudiya ta faɗa. Ta faɗa a ofis, ta faɗa a taron malamai, ta bi gidajen ƙawayen Balaraba ta faɗa wa iyayensu mata, ni ma na faɗa duk inda na zauna. Ana saurarenmu da ladabi, in mun juya a ce to me za su ce da ma, ai bakinsu ɗaya. Malam Kamaluddeen ya ce shi ya yarda da mu ɗari bisa ɗari, amma kwamiti ne ya kulle littattafai, kwamiti ne zai buɗe. Barau ya ce sai wanda ya kawo ƙara ya janye. Wanda ya kawo ƙara kuwa yana rumfarsa, ana ta yabonsa, mutumin da bai ɓoye laifin gidansa ba don ya ceci 'ya'yan jama'a. An ma sa shi cikin kwamitin.

Ku masu riƙon 'ya'yan 'yan'uwa, ku masu zama kuna lura da wadda ta ɗauki buta da wadda ba ta ɗauka ba, tambaya ɗaya ce da an yi ta da duk wannan bai faru ba: me ke damunki? Ba ta da tsada, ba ta zubar da girman kowa. Yarinyar nan ta nemi amsa a gida ta ga ba fuska, ta je ta nema a littafi, aka kama ta da shi kamar ta yi sata. Ciwon da ƙwayoyi kaɗan suka kashe, mutane sun mayar da shi tabon da za ta tsufa da shi.

'Yan ajinsu sun rubuta jarrabawar fita bana. Ina cikin masu sa ido a ɗakin, Gudiya na raba takardu. Da ta zo kan kujerar da babu kowa sai ta tsaya, wata yarinya a baya ta raɗa wa ta kusa da ita, da ƙarfin da duk muka ji, "Wurin waccan na, wadda taz zubar da ciki."